Damin da Ya Kwana a Ƙofar Gida

Akwai abin da ya faru a ƙofar gidanmu shekarar da na shiga lise, wato babbar sakandare, wanda ba na jin zai bar raina har in koma ga Mahaliccina. Na yi aure, na haihu, na ga abubuwan da suka fi shi girma, amma ba wanda ke sa in sunkuyar da kai ni kaɗai a ɗaki kamar shi. Duk lokacin da na tuna, abin da ke fara zuwa mini shi ne abin da idona ya fara gani ranar, da na shawo kwanar layinmu a unguwar Zariya ta Maraɗi: damin gero a kan amalanke, an ɗaure shi da sabuwar igiyar kaba, rana ta take, an kwance jaki yana cin kara a gefe, amma ba a sauke damin ba.

A wani gida wannan ba komai ba ne. A gidanmu kuwa dami bai taɓa jiran kowa ba.

Tun ina ƙarama, duk kaka akwai wani tsoho da ke zuwa daga wani ƙauye bayan Jiratawa, ya kawo damin farko na gonarsa. Aminin kakanmu ne. Cikin Azna yake, masu riƙe da al'adun kakanninsu, ko da yake 'ya'yansa da jikokinsa da yawa suna salla. Da an ji kukan jakinsa, kakanmu zai fito, da ciwon bayansa da komai, ya sa hannu ya sauke damin da kansa. Ba ya barin yaro ya taya shi. Mata su sussuke, su daka, a dama fura a ranar, a zuba a wata babbar ƙwarya mai ɗinki baƙi a gefe, tsofaffin biyu su zauna a zaure suna sha da ludayi ɗaya. Akwai kuma ɗaki a jikin zauren da muke kira ɗakin Jiratawa. Duk wanda ya zo Maraɗi daga gidan tsohon, asibiti ne ko kasuwa, nan yake kwana, ba a tambayarsa yaushe zai tafi. Ni dai na taso na tarar da abin haka, kamar Sallah, ban taɓa tambayar dalili ba.

Kakanmu ya rasu da bazarar shekarar. Kakarmu, wadda muke kira Iya, da ta fita takaba sai ta koma Tsibiri gidan ƙanenta. Babanmu ya zama mai gida, kuma kafin damina ta ƙare ya ba wani tela hayar ɗakin Jiratawa, har suka sa hannu a takarda.

Ranar da nake faɗa, na tarar tsohon na zaune a gindin dogon yaro, a gefensa wata yarinya sa'ata. Na lura da hijabinta shuɗi da ya sha wanki, da ƙaramin akwatin ƙarfe a gabanta, da sabuwar tabarma a naɗe, da bokiti. Takalmanta na roba sababbi ne fil, ko takardar da ke manne a dunduniyar ba a ɓare ba. Na durƙusa na gaishe shi.

"Amaryata ce?" ya ce, yana dariya, don haka yake tsokanata kullum. "Kin yi tsawo, amma kunyar na nan inda na bar ta. Ga ƙawa na kawo miki. Ta ci jarrabawar birbe, an turo ta lise nan birni. Na tsai da ita kwana kaɗan sai an yanke gero, don kada mu zo hannu sake. Shiga ki ce ma ɗan amini mun iso."

Na shiga. Babur ɗin Baba yana cikin zaure, injin ko hucewa bai gama ba. Takalmansa masu ruwan ƙasa suna ƙofar ɗakinsa, kuma daga bakin zaure ana hango su sarai. Rediyon da ba a kashewa a irin wannan lokaci an kashe shi. Baba na zaune a bakin gado, Inna, mahaifiyata, na tsaye tana riƙe da labule.

Daga baya na gane tsohon ya aiko tun makonni, ta bakin masu kawo zogale kasuwa, cewa jikarsa za ta zo zama, Baba kuma bai mayar da amsa ba. Ɗakin ya riga ya tafi. Ga kuma wani abokinsa na masallaci da ya sa masa shakka, wai ba a san abin da Azna ke yi a kan damin farko ba kafin su fito da shi.

"Ki ce masa ba na nan," Baba ya ce, bai dube ni ba. "Ki ce na yi tafiya, ba a san dawowata ba."

Inna ta miƙo mini ruwa a kofin roba. Na ɗaga kai na dubi ƙwaryar nan mai ɗinki, tana rataye a bango, ƙura ta hau ta. A raina na ce, ai gadon yayata, wadda aka kai gidan miji, yana nan ba kowa a kai, ɗakina zai ishe mu. Maganar ta zo har maƙogwarona. Amma ni yarinya ce da ko a aji aka kira sunana sai muryata ta maƙale, balle a gaban Baba. Na karɓi kofin na fita.

Na faɗi abin da aka ce in faɗa, ina kallon yatsun ƙafata. Tsohon ya dubi kofin, sannan ya kai ido bayan kafaɗata, can cikin gida, kallo ɗaya tak, ya ɗauke kai.

"To, Allah shi maido shi lahiya," ya ce. "Bari mu ɗan jira rana ta yi sanyi, jakin ma shi huta."

Keken ɗinki na ta ƙara a ɗakin Jiratawa. Telan ya leƙo da zare a baki, ya ga tsohon yana kallon ƙofar.

"Baba, ɗinki ne?"

"A'a ɗana, ɗakin nake gaisarwa. Mun daɗe da sanin juna."

Haka suka zauna har aka kira la'asar. Babanmu mutum ne da ba ya rasa sahun farko, duk layin sun san shi da haka. Ranar kuwa ƙaryar da ya aike ni da ita ta kulle shi a ɗaki. Tsohon, wanda shi ba ya salla, ya taɓa jikarsa ya ce ta tashi lokaci ya yi, ya ce in ba ta buta. Na shiga da ita tsakar gida, na shimfiɗa mana tabarma ɗaya. Muna tsaye za mu tayar, sai ga muryar Baba daga cikin ɗaki, ƙasa-ƙasa, yana kabbara. Na ji, ta ji. Ba ta ko juya kai ba. Ni kuwa ban san abin da na karanta a sallar nan ba, so nake ƙasa ta tsage in shige.

Da muka fito na tarar tsohon yana ce wa tela, "Ɗan amini ba ya rasa jam'i. Lallai tahiyar ta yi nisa."

Ya miƙe, ya rungumi damin shi kaɗai. Na ga jijiyoyin wuyansa sun tashi, gwiwoyinsa na rawa. Tela ya taso zai kama masa, ya girgiza kai ya ce wannan kaya ba na kowa da kowa ba ne. Ya jingine shi da bangon zaure, ya gyara masa zama kamar mai kwantar da jariri.

"Amarya, dami in ya zo ƙofar ga, ba ya komawa gona," ya ce mini. "A gaida mutanen gida."

Ya ɗaura jaki, yarinyar ta mayar da akwatinta da tabarmarta da bokitinta kan amalanke, suka juya.

Da magariba, ana cin tuwo, Baba ya yi ta kawo dalilai ba wanda ya tambaye shi. Yayana, wanda ke karatun doka a jami'ar Yamai, bai koma ba tukuna, shi ya riƙa ƙarfafa masa gwiwa.

"Baba, ka daina damun kanka. Magana ce ta baki tsakanin mutum biyu, ɗaya ya rasu. Ba takarda, ba sa hannu. Ko gaban wane alƙali aka je, ba abin da ya ɗaure magada. Takardar tela ita ce za ta iya kai ka ƙara."

"Ni ma abin da na gani ke nan," in ji Baba. Amma tuwonsa ya bari.

Damin kuwa ya kwana a waje. Ya sake kwana. Ba wanda ya iya shigar da shi, don shigar da shi karɓa ce. Ba kuma wanda ya iya jefar da shi, don duk unguwa na gani. Jajayen awakin maƙwabta suka gano shi, kaji suka biyo baya suna tsintar abin da ya zube. Matan layi in sun shigo sai su ce wa Inna, "Wai ba ku da wurin ajiya ne, ko shanya kuke?" Inna ta yi yaƙe ta sako wata magana. Kullum da safe ta gefensa nake wucewa, in ga ya ƙara ramewa, har ya koma kara da igiya.

Ba a yi mako ba sai ga yarinyar a ajinmu. Cikin duk azuzuwan makarantar, namu aka sa ta. Ba ta sami masauki ba, don haka daga ƙauye take zuwa kullum, a bayan motar da ke kawo zogale kasuwa, in an sauke kaya ta ƙaraso da ƙafa. Motar ba ta da lokaci, sai ta cika take tashi. Yarinyar takan iso an daɗe da shiga aji, da ƙananan ganyen zogale manne a hijabinta. 'Yan bayan aji suka sa mata suna mai kwaɗo. Wani lokaci a bar ta tsaye a ƙofa har darasi ya ƙare, in hango ta ta taga tana rubutu a tsaye, littafi a kan tafin hannu. Takardar nan ta dunduniyar takalmi ta daɗe da goge kanta.

Da ta yi mini kallon banza ko sau ɗaya, da na sami sauƙi. Ba ta yi ba. Wata rana da aka fita shan iska ta zo ta ajiye mini gwaba babba a kan tebur.

"Daga garkarmu ce. Kaka ya ce a gaishe da amaryarsa."

Na ce na gode. Gwabar nan ban iya cinta ba. Ta zauna a jakata har ta yi laushi, littattafaina duka suka ɗauki ƙamshinta.

Ana nan, wata rana aka aike ni ɗauko alli, sai na ji shugaban makarantar yana yi mata magana a ofis. Ba da faɗa yake yi ba. Ya ce ya ga tana da ƙoƙari, amma doka doka ce, in lattin ya ci gaba ba za ta wuce hutun farko ba, sallamarta za a yi. Ta ce to, ta gode. Na tsaya a bayan ƙofa da alli a hannu, ina tuna gadon nan da ba kowa a kai.

Asabar ɗin makon Inna ta aike ni Tsibiri in kai wa Iya sukari da maganin ido. Na same ta a inuwa tana ɓarar gyaɗa. Ko sauke kayan ban gama ba ta ce:

"Ke bebiya, ina hurata? Kaka ta yi nisa, an gama ɗaurin gero ko'ina, ban ga ƙullin hurar Jiratawa ba. Ko uwarki ta shanye rabona?"

Duk shekara, ko tana ina, sai an kai mata nata daga damin. Na sunkuyar da kai. Ta ajiye gyaɗar ta ƙura mini idon nan nata mai hazo.

"Tsohon ya mutu ne?"

Na girgiza kai. Na riga na kai ƙarya ɗaya, ban iya ɗaukar ta biyu ba. Na faɗa mata komai, har da takalman, har da kabbarar, ina yi ina share hawaye da gefen hijabi. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta daɗe tana juya ɓawon gyaɗa a hannu.

"Kin san mi ya sa ake kawo damin?" ta ce. Na ce a'a.

Ta ce shekarar wata yunwa ce, ubanmu yana jariri. Ita da kakanmu suka bar gari neman abin kaiwa baki, jakinsu ya faɗi a hanya, nononta ya ƙafe, jaririn ko kuka ya daina. A bakin fadama wajen Jiratawa wannan mutum ya tsince su, bai san su ba, bai san asalinsu ba. Abin da ya rage a gidansa irin shuka ne, wanda manomi kan kwana da yunwa bai taɓa ba. Ya buɗe ya ɗiba aka dama musu. Matarsa, da ke goyo a lokacin, ta karɓi jaririn ta sa a nono.

"Da munka murmure za mu taho, sunka ƙulla amana," in ji Iya. "Kakanku ya dubi gabas ya sa Allah shaida. Shi kuma ya dafa ƙasa ya kira kakanninsa. Kowa ya rantse da abin da yake tsoro, kuma kowa ya yarda da rantsuwar ɗan uwansa. Kakanku ya ce in Allah ya ba shi gida a Maraɗi, ɗaki guda nasu ne, su da zuriyarsu. Sunka sha hura a ƙwarya ɗaya."

Na yi ƙarfin hali na tambaya, to tunda su suka yi mana alheri, don me su ne kuma ke kawo dami?

"Shi ya sa wanga sharaɗi da kansa. Ya ce kada wata rana jikansa ya ƙwanƙwasa ƙofarmu a ce maroƙi ya zo. In dami na shiga, da kai a ɗage za su shiga." Ta kakkaɓe zaninta. "Ɗauko mini mayafi. A nan za ki kwana, gobe tare za mu koma."

Da hantsi muka iso gida. Iya ta tsaya a gaban karan nan da igiya, ta taɓa shi da sandarta. Ta wuce tsakar gida, ta ƙi tabarmar da Inna ta shimfiɗa, ta zauna a kan turmi. Baba ya fito ya durƙusa. Yayana ya zo yana murmushi, don shi ne mijinta na wasa.

"Tsohuwa, kin biyo ni ne? Na ce miki sai na gama karatu."

"Rufe mini baki, mijin banza. An ce kai ne alƙalin gidan ga yanzu."

"Iya, gaskiya na faɗa. Doka ba ta san maganar da ba a rubuta ba."

"To ai ban kawo ƙara ba." Ta juya ga Baba. "Kai kuma an ce gero kake tsoro. Wanda ya shiga cikinka kana jariri, ka amayar da shi?"

Baba ya fara bayanin takardar tela, da cewa in ya tashe shi kafin lokaci ya saɓa alkawari. Iya ta gyaɗa kai.

"Madalla, ashe ka san alkawari. Ka riƙe na tela, ban ce ka saɓa ba. Ke, sauko mini da ƙwaryar can."

Na hau kujera na sauko da ita, na goge ƙurar da hijabina. Iya ta karɓa ta ajiye a gaban Baba.

"Ni ba zan tilasta ka ba, gidanka ne. In amanar ta yi maka nauyi, ana kwance ta. Amma ido da ido aka ƙulla ta, ido da ido ake kwancewa. Ba a aiken yarinya da kofin roba. Ɗauki ƙwaryar ka kai masa da hannunka, ka ce ɗan amini ya gaji. Zan raka ka, ni ce shaidar da ta rage."

Baba ya daɗe yana kallon ɗinkin nan baƙi, sannan ya ɗauki ƙwaryar ya ce a nemo mota.

Ni aka sa in riƙe hannun Iya. Duk hanyar Baba yana rungume da ƙwaryar a cinya, kuma wallahi ban san abin da zai yi da ita ba. Muka wuce garake, lambunan fadama, kore shar, ruwa na gudu a magudanai, mata na tsinkar zogale, muka bar kwalta muka bi turɓaya. Tsohon muka tarar a ƙofar gidansa yana tufkar igiya. Ya tashi da sauri, ya sa aka kawo tabarma, ya gaisa da Iya gaisuwa mai tsawo, suka yi wa juna ta'aziyyar waɗanda suka riga su. Sannan ya juyo ga Baba da fara'a.

"Ɗan amini, an dawo lahiya? Ya gajiyar hanya?"

Har a lokacin rufa masa asiri yake yi. Ina jin wannan ne ya karya Baba. Ya cire hula, abin da ban taɓa gani ya yi a gaban mutane ba, ya durƙusa a turɓaya.

"Baba, ina gida ran nan."

"Na ga takalmanka," in ji tsohon, a hankali. Ya dubi ƙwaryar. "Maido ta ka yi?"

"A'a. Na zo roƙo ne. A ba ni yarinyar, yau in tafi da ita. Akwai gado a ɗakin 'yar uwarta."

Na ji maganar da ta maƙale mini tun ranar farko ta fito daga bakin Baba, da sauƙi haka, sai wata sabuwar kunya ta rufe ni.

Tsohon ya ci gaba da murza igiyarsa a cinya. Ya ce shekaranjiya aka kai yarinyar birni. Wata mata mai sayar da kwaɗon zogale a bakin kasuwa, wadda ke ganin saukarta daga mota kullum, ita ta tambayi labarinta, ta ce ta zo. Ɗaki ɗaya gare ta, da 'ya'ya uku, ta matsa mata wurin tabarma.

"Ba ta sha hura da mu ba, ba ta rantse da komi ba," ya ce. "Ba zan ɗauke ɗiya daga hannun da ya buɗe ba, ɗan amini. In na yi haka, na koya mata abin da bai kamata ba."

Baba bai ɗago ba. Iya ta share ido da bakin mayafi. Can sai Baba ya ce wa tsohon:

"To amanar fa, Baba?"

"Ni ban kwance komi ba. Na ajiye dami inda ubanka ke ɗauka. Tahi da ƙwaryarka. In muna da rai, baɗi ma akwai kaka."

Aka kawo mana abinci, aka karrama mu kamar ba abin da ya faru, kuma wannan karamci ya fi zagi ciwo.

Yarinyar ba a sallame ta ba. Ta gama lise daga ɗakin mai kwaɗo, ta riga ni samun aiki ma, kuma yau ba ni da aminiya kamarta. Amma ba ta taɓa kwana a gidanmu ba tana ɗaliba, wannan lada ya wuce mu har abada. Da lokacin tela ya cika, Baba bai sabunta takardar ba, ya sa aka share ɗakin aka shimfiɗa tabarma. Tsohon ya rasu, Iya ta rasu, Baba ma ƙarfinsa ya tafi. Ɗan tsohon ne ke kawo dami yanzu, a bayan babur, kuma yayana, wanda ya zama cikakken masanin doka, shi ke fitowa da babbar riga ya sauke da hannunsa, ba ya barin yaro ya taya shi.

Abin da na koya shi ne, alkawarin da aka rubuta yana da mai tsaronsa, in ka saɓa akwai inda za a kai ka. Wanda ba a rubuta ba kuwa ba shi da kowa sai kai, shi ya sa ya fi saurin faɗuwa, kuma shi ya fi nuna ko wane ne kai. Ba ya mutuwa da waɗanda suka ƙulla shi, yana shiga gado tare da gida da gona. Na kuma koyi cewa kunyar da ke hana mutum buɗe baki a inda ya kamata, ba tarbiyya ba ce koyaushe, wani lokaci tana haifar da kunyar da ta fi ta girma.

Ranar da muka je ƙauyen ma, sai da muka tashi tafiya bakina ya buɗe. An sa Iya a mota, Baba ya zagaya, sai na tuna shekarar za ta wuce ke nan ba a jiƙa ƙwaryar ba, karo na farko tun kafin a haife ni. Na saki ƙofar motar, na koma inda tsohon yake tsaye, na durƙusa.

"Amarya, yau da magana?" ya ce.

"Kaka," na ce, "awaki sun cinye namu. Don Allah ka ba ni ko zangarniya ɗaya daga rumbu, in je in daka da hannuna, kada bana ta wuce ba mu sha ba."